Mai shekara 20 a aikin rumbun bayanai, ya karɓi wakilin AI ko ya ƙyale shi?

Tambaya daga Daura: "Na fi shekara 20 ina rubuta manhajojin rumbun bayanai. Na fara da Access da Visual Basic 6, yanzu PHP da MySQL nake yi. Ina kula da manhajar wata makaranta, da ta shagon magani, da ta wata ƙungiyar 'yan kasuwa masu adashi da ba da rance. Yaran da ke koyon aiki a wurina sun dame ni da zancen wakilan AI masu rubuta kod da kansu. Ni kuwa na san teburana kamar yunwar cikina. Akwai abin da zan ƙaru da shi, ko rigima kawai zan jawo wa kaina da bayanan mutane?"

Malam, ƙaruwa akwai ta, kuma fargabar da kake yi tana da tushe. Shawarata ka karɓi abin nan, amma kafin ka buɗe masa kwamfutarka ka raba aikinka gida biyu: abin da in ya ɓaci ana iya mayar da shi yadda yake, da abin da in ya tafi sai dai haƙuri. Kod yana gida na farko. Bashin da ake bin mutane, da sakamakon jarrabawar yara, da lissafin maganin da ya rage a kanta, suna gida na biyu. Ka sakar wa wakili na farkon ya yi ta aiki. Na biyun kuwa kada ya kai gare shi sai ta hannunka.

Ana yawan cakuɗa abubuwa uku, don haka bari mu bambance su. A 2021 GitHub ya fito da Copilot, kana rubutu yana ƙarasa maka layi. A ƙarshen 2022 ChatGPT ya zo, ka liƙa masa kod ya ba ka amsa, kai ka kwafa ka gwada. A duka biyun hannunka ne na ƙarshe. Wakili kuwa, irin su Claude Code da ya fito a farkon 2025, da Codex na OpenAI, da Gemini CLI na Google, da wanda ke cikin Cursor, da kansa yake buɗe fayilolinka ya karanta, ya gyara, ya ba kwamfuta umarni, ya ga kuskuren da ya fito, ya koma ya sake gyarawa, har sai ya ga kamar aiki ya kammala. Kuma da ikonka yake yin haka. Duk abin da kai za ka iya yi a kan wannan kwamfutar, shi ma zai iya in ka yarje masa. In fayil ɗin config.php na ɗauke da kalmar sirrin rumbun gaske, to ya gan ta. Ga mai gina shafin talla wannan ba abin tashin hankali ba ne. Ga mu masu riƙe da bayanan jama'a, nan ne maganar take.

Ka dubi yadda telolinmu ke koyar da yaro. Da wuri ake ɗora shi kan keke, domin ɗinki in ya karkace ana farke shi a sake. Almakashi kuwa ba a ba shi a kan shaddar mutane komai saurin hannunsa, saboda yanka ba ya komawa. Git, manhajar da ke ajiye tarihin duk sauyin da aka yi wa kod, shi ne abin farke ɗinkinka. In har yanzu kana ajiye aiki a foldoji masu suna "sabo" da "sabo2" da "na ƙarshe", to ka ajiye zancen AI tukuna ka koyi Git, ba zai ɗauke ka lokaci ba. Ka adana aikinka kafin wakili ya taɓa komai, ka buɗe masa reshe nasa, in ya gama ka bi abin da ya canza layi-layi, wanda bai yi maka ba ka watsar.

A watan Yulin 2025 an yi wani abu da ya kamata duk mai irin sana'armu ya sani. Jason Lemkin, wani ɗan kasuwar manhaja a Amurka, yana gwada wakilin kamfanin Replit, kuma ya umarce shi ƙarara cewa kada ya canza komai sai da izini. Wakilin ya goge rumbun gaske mai ɗauke da bayanan mutane sama da 1,200 da na kamfanoninsu. Da aka tuhume shi ya ce bayanan ba za su dawo ba, alhali da aka gwada sun dawo. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya fito ya ce bai kamata a ce hakan na iya faruwa ba, kuma cikin gyaran da suka sanar akwai raba rumbun gwaji da rumbun gaske. Abu biyu nake so ka ɗauka a nan. Faɗa wa wakili "kada ka taɓa" ba ya hana shi taɓawa, abin da ke hana shi shi ne rashin iko. Sannan labarin da ya ba ka a kan aikin da ya yi ba hujja ba ne, ko da cewa ya yi ya gama, ko cewa ya yi ya ɓata, sai ka duba da idonka.

Hana iko kuwa kai ka fi yaranka sanin yadda ake yin sa, don GRANT da REVOKE, umarnin ba da iko da na janye shi a rumbu, ba baƙi ba ne a wurinka. Ka fitar da tsarin tebura zalla da mysqldump --no-data, ka gina rumbun gwaji a kwamfutarka, ka buɗe wa wakili asusu nasa a wannan rumbun kaɗai. Kalmar sirrin rumbun gaske kada ta zauna a foldar aikin kwata-kwata. Kayan nan suna neman izininka kafin su gudanar da umarni, kuma akwai zaɓin kashe wannan tambayar don aiki ya yi sauri. Kada ka kashe ta a kan kwamfutar da ke iya kaiwa ga sabar abokan hulɗarka, wato kwamfutar da ke ɗauke da rumbun gaske.

Akwai wani tarko na MySQL da zan ja hankalinka gare shi, domin wakili yakan kwantar wa mutum da hankali da shi. Zai ce maka ya sa aikin bayan START TRANSACTION, in an ga matsala sai a yi ROLLBACK, wato a mayar da komai yadda yake. A PostgreSQL da SQL Server wannan magana gaskiya ce ko ga sauyin tsarin tebur. A MySQL da ɗan'uwansa MariaDB kuwa, ALTER TABLE da DROP da TRUNCATE suna tabbata nan take, ROLLBACK ba ya dawo da su. In ma manhajarka tsohuwa ce, mai yiwuwa wasu teburanka na MyISAM ne, wanda shi ne injin asali kafin MySQL 5.5 na 2010, shi kuwa ko UPDATE aka yi ba ya juyawa. Saboda haka duk sauyin tsari, wakili ya rubuta shi a fayil. Kai ka karanta, ka gwada a kan kwafi, sannan ka gudanar da hannunka a rumbun gaske, bayan ka ɗauki ajiyar ko-ta-kwana irin wadda ka taɓa dawo da ita ka ga ta dawo lafiya.

Sai maganar amana. Duk abin da wakili ya karanta, ana tura shi ta intanet zuwa kwamfutocin kamfanin da ke waje, can ne ake sarrafa shi. In ya yi SELECT a teburin shagon magani, sunan mai karɓar maganin hawan jini ko na ciwon da ba ya so dangi su sani ya bar Daura ke nan. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta yi tanadi a kan bayanan yara, ta kuma gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanai ƙasar waje. Ko da babu doka, mutanen nan amana suka ba ka. Mafita mai sauƙi ce, kuma wakilin da kansa zai yi maka ita: ka sa shi ya rubuta ƙaramar manhaja da za ta cika rumbun gwaji da bayanan ƙarya, ɗalibai dubbai, biyan kuɗi dubun dubbai, masu kama da na gaske a fasali. Akwai ƙarin dalili ma. Wakili ba ya rarrabe umarninka da rubutun da ya tsinta a hanya yadda ya kamata, don haka in wani ya rubuta umarni a gurbin "ƙorafi" ko "ƙarin bayani" na manhajarka, wakili mai karanta teburin yana iya ɗaukarsa a matsayin abin da aka ce ya yi.

To, a ina ribar take? A aikin da ka daɗe kana ɗagewa. Ka ba shi tsohon kod na Visual Basic 6, wanda Microsoft ya daina tallafa wa kayan rubuta shi tun 2008, ka ce ya bayyana maka abin da kowane fom ke yi da teburan da yake taɓawa, zai yi cikin mintuna. In kana da shafukan PHP masu amfani da mysql_query, wanda aka cire gaba ɗaya a PHP 7 na 2015, mayar da su PDO, hanyar da PHP ke magana da rumbu a yanzu, aiki ne mai gajiyarwa da shi ba ya gajiya da shi. Haka fom ɗin shigar da bayanai, da fitar da rahoto zuwa Excel, da tsabtace takardun Excel da makaranta ke kawo maka kowane zango, da rubuta gwaje-gwajen da yawancinmu ba mu saba rubutawa ba. Ka sa shi ya bi manhajar gaba ɗaya ya lissafa maka duk wurin da aka haɗa umarnin SQL da rubutun mai amfani kai tsaye, ba tare da ya gyara komai ba tukuna. Wannan jerin kaɗai ya isa ya biya kuɗin wata.

Inda nake so mu daɗe shi ne irin kuskurensa, domin ya bambanta da wanda ka saba kamawa. Kuskuren da ke fitar da jan rubutu ba matsala ba ne, wakilin da kansa zai gani ya gyara. Mai haɗarin shi ne umarnin da ya gudana lafiya lau, ya fitar da lamba mai kyan gani, lambar kuma ƙarya ce.

Ɗauki rahoton kuɗin makaranta. Ɗalibi yana da caji 3 a zango, kuɗin makaranta da na littattafai da na yunifom, ya biya sau 2, naira 20,000 kowane biya. In aka haɗa teburin caji da teburin biya duka biyu da teburin ɗalibai a JOIN guda, layi 6 za su fito, SUM kuma zai ce yaron ya biya naira 120,000 maimakon 40,000. Babu ƙorafi daga MySQL, babu daga PHP. Ko ka nemi jerin waɗanda ba su biya ba, ya rubuta maka NOT IN, alhali akwai layi guda a teburin biya da lambar ɗalibinsa NULL ce, wato gurbin babu komai. Jerin zai fito fanko, shugaban makaranta ya ɗauka kowa ya biya. Ko ya sa kuɗi a FLOAT, nau'in gurbin da ke ajiye lamba bisa kusanci, kwabbai su riƙa zamewa har lissafin ƙarshen shekara ya ƙi daidaituwa, alhali DECIMAL ya kamata. Waɗannan kurakurai mutane ma suna yin su. Bambancin shi ne wakili yana zubo su da sauri, cikin kod mai tsabta da bayani mai gamsarwa, har ido ya yi kasala wajen dubawa. Yaron da bai taɓa zama gaban ma'aji yana bayanin inda kuɗi suka shiga ba, ba zai tsaya a kan wannan JOIN ɗin ba. Kai za ka tsaya.

Sannan akwai abubuwan da suka keɓanta da mu, waɗanda yawancin kod ɗin da abin nan ya koya daga gare shi bai san da su ba. Lambar waya in aka sa ta a INT, nau'in gurbin ajiye lambobin lissafi, sifilin farko ya tafi, abin da ya rage kuma ya wuce iyakar INT, wato 2,147,483,647, kuma a rumbun da ba a kunna masa tsauraran ƙa'idoji ba MySQL zai yanke ta ya ajiye wannan iyakar ba tare da ya tsayar da aiki ba. Lambar asusun banki mai lamba 10, da NIN da BVN masu 11, duk rubutu ne, ba abin lissafi ba. In ka gaya masa lambar Najeriya 11 ce, zai kafa ƙa'idar ƙin duk wadda ba 11 ba, sai ga ɗan kasuwa daga Damagaram ko Magariya da ya shigo ta iyakar Kwangwalam zai ci kasuwar Mai'aduwa, lambarsa 8 ce bayan +227, manhaja ta ƙi shi. Wanda ya biya da sefa kuma, dole a ajiye farashin canjin ranar tare da cinikin, in ba haka ba rahoton bara zai riƙa canzawa duk ranar da naira ta motsa.

Haruffanmu ma haka. Kafin MySQL 8.0 na 2018, latin1 ne tsarin haruffa na asali, kuma babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa, shi ya sa ake ganin alamar tambaya ko tarkacen rubutu a madadin Ƙanƙara da Ɗanmusa da Ɗandume. In ka ce wa wakili ya mayar da tebur utf8mb4, tsarin da ke ɗaukar haruffanmu, zai rubuta umarnin daidai a ƙa'ida, amma in shekara da shekaru PHP na cusa rubutun UTF-8 cikin gurbin latin1, sauyin kai tsaye tabbatar da tarkacen zai yi. Sai an gwada a kwafi an duba sunaye da ido. Bayan haka kai ne za ka yanke hukuncin ko mai neman "Kankara" ya samu "Ƙanƙara", domin akawu ɗaya yana sa lanƙwasa, ɗayan ba ya sawa. Ga kuma alamar nan ta Sa'adatu da Isma'ila da Mai'aduwa da 'Yar'aduwa, wadda ke karya duk umarnin SQL da aka haɗa da hannu. In ka kai masa wannan ƙorafin, ka lura da maganin da ya kawo. Cire alamar daga sunayen mutane ba magani ba ne. Maganin shi ne a raba umarni da bayanai ta hanyar PDO, wanda kuma shi ne ke toshe ƙofar da masu kutse ke bi.

Kada kuma ka taɓa barinsa ya "tsabtace" sunayen da suka maimaitu. A aji guda za ka samu Aisha Abubakar uku, mutane da yawa kuma 1 ga Janairu aka rubuta musu a matsayin ranar haihuwa saboda ba a san ainihin ranar ba. A gefe guda Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Mamman yana yiwuwa mutum ɗaya ne. Ya kawo maka jerin waɗanda yake zargi, wanda ya san mutanen ya tantance. Ita ma ƙungiyar 'yan kasuwar, in rancenta babu ruwa a kansa, ka faɗa masa a fili tun farko. Mafi yawan manhajojin rance na duniya suna lissafa ruwa da tarar jinkiri, kuma in ka yi shiru yana iya ƙara maka su a matsayin cikar aiki.

Wannan ya kawo mu ga aikin da ya fi kowane muhimmanci, kuma kai kaɗai za ka iya yin sa. Ka ce ka san teburanka kamar yunwar cikinka. To wannan sanin a kanka yake, wakili kuwa kowane zama sabo yake farawa, ba ya tuna na jiya sai abin da aka rubuta aka ajiye masa. Kayan nan suna karanta wani fayil a farkon aiki, Claude Code yana neman CLAUDE.md, wasu da dama suna neman AGENTS.md. Ka zauna ka rubuta a ciki abin da babu a tsarin tebura: cewa lamba 3 a gurbin matsayi tana nufin ɗalibin ya bar makaranta amma ana bin sa kuɗi, cewa marayun da aka yafe wa kuɗi ana rubuta musu caji sannan a rubuta yafiya, cewa ba a goge ciniki sai dai a rubuta wani ya soke shi, cewa ana fara sayar da maganin da wa'adinsa ya fi kusa, cewa rana ake fara rubutawa kafin wata. Ka sa ainihin sigar rumbun da ke kan sabar, wadda SELECT VERSION() zai nuna maka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin XAMPP na yanzu, kunshin da ake gwada aiki da shi a kwamfuta, MariaDB ke cikinsa ba MySQL ba, kuma wakili yana son rubuta WITH da ROW_NUMBER, waɗanda sai a MySQL 8.0 suka shigo, sabar da ke kan 5.7 za ta ƙi su. Yana jin Hausa daidai gwargwado, amma umarnin fasaha ya fi fita da Turanci, sai ka fassara masa kalmominmu irin su adashi da zubi da kwasa a cikin fayil ɗin.

Duk ƙa'idar da za ta iya shiga cikin rumbun da kansa kuwa, ka shigar da ita can, kada ka tsaya a rubutu. FOREIGN KEY, UNIQUE, NOT NULL, CHECK. Da yawa daga cikinmu mun bar waɗannan a cikin kod saboda mu kaɗai ke rubuta shi kuma mun san abin da ba a yi. Yanzu an samu hannu na biyu mai sauri wanda bai sani ba, kuma rumbun da ke ƙin karɓar ɓarna shi ne mai gadin da ba a lallashi. Ka dai lura cewa MySQL kafin 8.0.16 yana karɓar CHECK ya yi biris da shi, don haka ka gwada shigar da bayanin banza ka ga an ƙi shi.

Wajen duba aikinsa, ka nemi abin da ka riga ka san amsarsa. Ka ɗauki lissafin wani wata da aka rufe, wanda ma'aji ya sa wa hannu, ka sa jumlolinsa su zama ma'auni: sabon rahoto dole ya fitar da lamba iri ɗaya har kwabo. Ka riƙa ba shi aiki ƙanana, ka ce ya fara kawo tsari a rubuce kafin ya taɓa fayil. In gwaji ya faɗi, ka sa ido a kan abin da ya gyara, don wani lokaci gwajin yake sassautawa ya bar kuskuren. Ka bi umarnansa da EXPLAIN, mai nuna yadda rumbu zai gudanar da umarni, a kan bayanai masu yawa, saboda abin da ke gudu a kan layi 50 yana iya durƙushewa a kan 500,000. In ya kawo sunan wani kunshin kod da ba ka sani ba ya ce a saukar, ka duba ko akwai shi da gaske da kuma wanda ya wallafa shi, don yakan ƙago suna.

Game da sauri, kada ka yarda da ji a jika. A Yulin 2025 wata cibiyar bincike mai suna METR ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi da ƙwararrun masu rubuta manhaja 16 a kan ayyuka 246, a cikin kod ɗin da suka daɗe suna aiki a kansa. Da kayan AI na farkon 2025 lokacin da aikin ya ɗauke su ya ƙaru da kashi 19 cikin 100 a kan yin sa babu AI, amma su a ransu sun ɗauka sun ƙara sauri da kusan kashi 20. Gwajin ƙarami ne, kayan kuma sun ci gaba tun daga lokacin, amma mutanen da aka gwada irinka ne. A gyaran layi biyar cikin kod ɗin da ka haddace, hannunka ya fi sauri, kada ka ɓata lokaci kana yi wa na'ura bayani. A aiki mai yawa mai maimaituwa, ko a yaren da ba ka ƙware ba, nan za ka ga bambanci. Ka riƙa rubuta lokacin farawa da na gamawa na 'yan makonni, har da lokacin dubawa da gyara, sai littafinka ya gaya maka inda yake amfanar ka.

Kuɗinsa da dala ake biya. Ƙananan tsare-tsaren a 2025 suna tsakanin dala 10 zuwa 20 a wata, kuma suna da iyakar amfani da aiki mai nauyi ke saurin cinyewa. Yana buƙatar intanet muddin yana aiki, in layi ya yanke ko wuta ta ɗauke a tsakiya zai bar maka fayiloli rabi da rabi, nan ma Git ne zai fisshe ka. Akwai samfuran da ake saukewa a kwamfuta ta hanyar Ollama su yi aiki babu intanet, bayanai ba sa fita ko'ina, sai dai waɗanda laftof na yau da kullum ke iya ɗauka ba su kai manyan ƙarfi ba. Ita manhajar da za ka miƙa wa mai shagon magani kuwa, PHP da MySQL ce kamar kullum, ba ta dogara da AI ba, za ta yi aiki a kan kantarsa ko babu intanet.

Yaranka kuma, musamman ɗaliban da ke zuwa sanin makamar aiki daga kwalejojin fasaha na Daura da Katsina, kada ka hana su, don hanin ba zai yi tasiri ba. Ka kafa musu sharaɗi guda: duk umarnin SQL da suka kawo, su bayyana maka shi da bakinsu, su faɗi layi nawa suke sa ran zai fito kafin a gudanar da shi. Wanda ya kasa ya koma ya karanta. Su kuma su nuna maka yadda ake saita kayan, sun fi ka saurin wannan.

Tsohuwar manhajar Visual Basic, kada ka ce masa ya sake rubuta ta gaba ɗaya a zama ɗaya, ko da ya nuna zai iya. Akwai ƙa'idoji a cikinta da ka saka shekarun baya saboda wata matsala da ta taso, kai ma sai ka gan su za ka tuna, kuma sabon rubutu yana zubar da irinsu shiru. Ka bar rumbun yadda yake, ka riƙa sauya fom ɗaya bayan ɗaya, tsohuwa da sabuwa su yi aiki tare har a rufe lissafin wata su yi daidai. Ka fara da rahoton makaranta mai karatu kaɗai, wanda ba ya rubuta komai a rumbu, ka bar ƙungiyar adashi ta zama ta ƙarshe tunda kuɗin mutane ne kai tsaye. Sauyin makaranta ka yi shi lokacin dogon hutu, ba makon komawa da ake layin biyan kuɗi ba. Na shagon magani kuma ka jira damina ta wuce, lokacin da cinikin maganin zazzaɓin cizon sauro ya lafa, mai shago yana da sararin zama da kai a ƙirga kayan kanta a gwada da abin da manhaja ta ce.